Na Auri Mushe

Jibiya, Satumba 2021

Mushena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka isa Kano lafiya, ka tarar da Hajiya da Yaya Amatullahi da dukan mutanen gida cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon kai da ke zo mini da la'asar, lokacin da ka saba dawowa daga lakwal. Anti Ladi ta ɗakin gaba, da yake aikinta ne duba marasa lafiya, ta taɓa goshina ta ce, "Amarya, wannan ciwon ba na allura ba ne, maganinsa ya hau motar Kano."

Ka ji an yanke sabis ɗin waya a nan bayan tahiyarka. Gari duk ya rikice. Masu layin Nijar suna hawa tudu wajen Magama suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Ka ce kada in shiga cikin 'yan babur, ban je ba. Kowa yana kuka da rashin waya, ni kuwa a ɓoye murna nake yi, don yau ga ni ina rubuta wa mijina wasiƙa kamar matan cikin littafi. Malam Ummaru direba ya ce zai riƙa kai maka duk ranar da ya yi lodin Kano.

Zaman nan wata rana zuma, wata rana maɗaci. Shekaranjiya a wajen famfo wata mata ta tura bokitina gefe ta ce, "'Yar Faransi, ku bari 'yan ƙasa su fara ɗiba." Suka yi ta dariya. Na dawo na yi kuka har na gaji. Hausa nake yi, Hausa suke yi, garinmu kuma yana nan bayan shingen can, amma ni baƙuwa ce. Jiya kuma na murɗa rediyo sai na kamo gidan rediyon Maradi tar, ana gaishe-gaishe, har na ji an ambaci unguwarmu. Na tashi na yi rawa ni kaɗai da muciya a hannu. Iyaka tana rufe har yanzu, ban ji ɗuriyar Inna ba.

Ka tuna ranar da muka haɗu a rumfar littattafai a kasuwar Lahadi, ni da Gwaggo mun ƙetaro sayen atamfa? Mai rumfa ya ce kai malamin boko ne a ƙauyen Riko. Na ce, "Ashe mushe ne," don haka muke kiran malamin boko a Maradi. Ka yi dariya har ka dafa tebur, ka ce in sake faɗa. Tun daga ranar ban nemi wani suna ba, tunda bakina ba zai iya kama sunanka na yanka ba.

Ina riƙe da alkawarinka, cewa da ka gama zangon farko na kwas ɗinka za ka zo ka tafi da ni Kano, Hajiya ta gan ni da idonta. Kullum sai na tsaya gaban madubi na gwada yadda zan durƙusa in gaishe ta.

Taka har abada,
Barira

*

Kano, Oktoba 2021

Barira,

Wa'alaikumus salam. Na samu saƙonki. Muna lafiya, Hajiya dai ƙafa ce ke damunta kamar kullum. Karatu ya yi nauyi, kada ki sa ran amsa kowane mako.

Na karanta wasiƙarki, akwai gyara. Ba a rubuta "tahiya", tafiya ake rubutawa. "Lakwal" ba Hausa ba ce, Faransanci ne, ki ce makaranta. Kina karanta littattafan nan dare da rana, ya kamata a ce kin ɗauki rubutu a ciki, ba mafarki kaɗai ba. Batun matan famfo kuma, ki rage shiga mutane, shi ke nan.

Ga abin da nake so. Kin san a ɗaurin aurenmu Kawu ne kawai ya zo daga nan, kuma har yau Hajiya ba ta saki ranta da batun auren 'yar wata ƙasa ba. Yaya Amatullahi ta ba da shawara ki rubuto wa Hajiya gaisuwa da hannunki, ita za ta karanta mata. In wasiƙar ta yi kyau, zuwanki zai zo da sauƙi. Ki rubuta da tsantsar Hausa, kada kalmar Faransanci ko ɗaya ta shiga. Ki manne ambulan, ki sa sunan Hajiya a baya, don ta ga ita kika nufa kai tsaye.

Ki gaida Madam Ladi.

Zunnuraini Yahya

*

Jibiya, Oktoba 2021

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaishe ku, ina yi muku ya jiki. Na ji batun ƙafa, Allah ya sauwaƙe, ya sa kaffara ne, ya ƙara muku nisan kwana. Ina gaida Yaya Amatullahi da yara. Ni 'yarku Barira ina nan lafiya.

Hajiya, ban taɓa ganinku ba, amma na san ku, don mutum yana sanin itace ta wurin inuwarsa ko bai ɗaga kai ba. Na rubuto ne in yi muku godiya. Ku kuka haifi mushe, ku kuka raini mushe har ya kai haka, ni kuma na zo na tarar da alheri ban sha wahalar komai ba. 'Yan matan layinmu a Maradi wasu sun auri 'yan kasuwa, wasu direbobi, ni kaɗai ce na auri mushe. Ranar da aka kawo ni, Innata ta ce, "Barira, ki riƙe shi da kyau, ba kowace uwa ke haihuwar mushe ba." A nan ma duk inda ya gifta sai ka ji yara suna cewa ga shi can. Ina alfahari da shi, ina kuma roƙon Allah ya ba ni ɗa irinsa.

Ni yarinya ce, kuma baƙuwa. In na zo, abin da ban iya ba ku koya mini, in na yi kuskure ku tsawata mini kamar 'yar cikinku. Na iya dambun zogale irin na garinmu, na iya matsa ƙafa, Innata ma ni nake matsa mata.

Ga ɗan kilishi nan na ba Malam Ummaru, irin namu ne, wata 'yar garinmu ta ƙetaro da shi. Ku taɓa, ku sa mini albarka.

'Yarku mai biyayya,
Barira

*

Jibiya, Nuwamba 2021

Mushena,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da kowa. Ni lafiya lau, ciwon kan ma ya ragu.

Shiru ya yi yawa. Duk ranar da motar Kano ta shigo sai in leƙa ta katanga. Malam Ummaru har ya gane, tun daga nesa yake kaɗa mini hannu alamar babu. Ya ce wasiƙar Hajiya a hannun Yaya ya sa ta, da kilishin. Na san karatu ne ya riƙe ka. A wani littafi da na karanta, shirun da saurayin ya yi ashe zobe yake haɗawa, don haka ban damu ba sosai.

Ka san wahalar da na sha a kan wasiƙar nan? Sai da na kwafe ta har hannuna ya ƙage. Na bi ta kalma kalma ina tsince Faransanci kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ban bar ko ɗaya ba. Anti Ladi ta ce in kawo ta duba, na ji kunya na hana. Ina ji a jikina Hajiya ta yi murmushi.

Ranar Talata na ji tsoro. Na je awon hatsi, wasu ma'aikata masu kaki suna tare mutane a bakin titi. Ɗaya ya ji maganata ya ce, "Ke daga ina?" Na ce daga gidan mijina. Ya ce, "Ina takardarki?" Ni kuwa ba ni da ita. Sai ga mijin Anti Ladi, Oga Filibus, a kan babur. Ya ce, "Haba, matar ticanmu ce ta Riko, ƙyale ta." Mutumin ya ce, "To madam, a gaida tica." Ka ga, da sunanka nake tafiya a ƙasar nan. In babu shi ban san ko ni wace ce ba a nan.

Amma da yamma Anti Ladi ta kawo mini kunun gyaɗa, muka zauna tana koya mini Turanci ina koya mata Faransanci, muna dariya har mai gidan da muke haya ya leƙo. Ta ce ita ma daga Gombe aka turo su, shekararta ta farko kullum jakarta a ɗaure take. Na ɗinka atamfar zuwa Kano, shuɗiya ce. Ban sa ta ba, tana jiran ranarta.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Taka,
Barira

*

Kano, Nuwamba 2021

Ke Barira,

Sallama dai wajibi ce, assalamu alaikum. Kina tambayar lafiyar Hajiya, to ba ta da lafiya, kuma ke ce sila.

Ni Amatullahi ni na ba da shawarar ki rubuto, don ina tausayinki. Ranar da takardarki ta zo gidan cike yake da baƙi, an zo duba Hajiya, har da surukaina. Na ce ku tsaya ku ji gaisuwar amaryarmu ta Nijar. Na buɗe da bakina na karanta wa uwata cewa ta haifi mushe, ta raini mushe. Wata ta toshe baki da mayafi tana dariya. Hajiya ta ce in ci gaba, na ci gaba, har inda uwarki ta ce ba kowace uwa ke haihuwar mushe ba. Wato ku biyu kuka zauna kuka tsara.

Mushe! Abin da ake ja da igiya a kai bayan gari a bar wa ungulu. Shi ne ɗan da Hajiya ta sayar da ɗan kunnenta ta kai makaranta. Me ya yi miki? In kin raina shi don ba shi da mota, ai da idonki kika gan shi kika aura.

Kilishinki mun zuba a shara. Matar da ke kiran mijinta mushe, wa ya san naman me ta aiko?

Hajiya ta rantse ƙafarki ba za ta taka gidanta ba. Kada ki sake rubuto mata.

Amatullahi

*

Jibiya, Nuwamba 2021

Yaya Amatullahi,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya huci zuciyarku. Ni ban san ko lafiya nake ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Wallahi tallahi, Yaya, ba abin da kuka karanta na rubuta ba. A garinmu malamin makarantar boko shi ake kira mushe, kuma girmamawa ce babba. Ko mai allo malam ne, amma mushe sai wanda ya yi karatun zamani ya kai ga koyarwa. A baki ba su kama da juna. Na mutum gajere ne, a taƙaice ake faɗarsa. Na dabba kuwa jan sa ake yi. Ban taɓa lura cewa a takarda fuskarsu ɗaya ba sai da na karanta wasiƙarku.

Anti Ladi maƙwabciyata ta ce asalinsa daga Faransanci ne. Ni ban sani ba. Kakata da ba ta taɓa shiga aji ba haka take faɗa, na ɗauka Hausa ce tsantsa. Kuma Yaya, ku mata ne, kun sani, ta yaya zan rubuta wa Hajiya sunan ɗanta gatsau? Dole in sakaya, kuma sunan da na fi girmamawa shi na ɗauko.

Kada ku yarda da ni. Ku je tasha ku tambayi kowane direban Jibiya. Mafi sauƙi ma, ku tambayi ɗan'uwanku, yana gidan tare da ku. Tun ranar da muka haɗu da wannan sunan nake kiransa, da shi nake tashinsa sallar asuba, da shi nake miƙa masa abinci, yana amsawa. Duk wasiƙun da na aiko masa da shi na buɗe su. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni, ta wanke Innata da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ku roƙa mini Hajiya. In ta yarda, zan zo da rarrafe tun daga ƙofar gida.

Ƙanwarku,
Barira

*

Kano, Disamba 2021

Barira,

Wa'alaikis salam. Hajiya da sauƙi.

Kina tsammanin ba mu tambaye shi ba? Tun a ranar, a gaban baƙin, Hajiya ta sa aka kira shi daga ɗaki. Ta miƙa masa takardar ta ce, "Haka matarka take kiranka?" Ya karanta, ya ce bai taɓa jin wannan kalma a bakinki ba, kuma bai san wata ma'ana tata ba sai wadda kowa ya sani. Da wasiƙarki ta biyu ta zo na sake tsare shi ni da shi. Na ce ya nuna mini wasiƙun da kike faɗa. Ya ce bai ajiye ba.

To wa zan gaskata, ƙanina ko direbobin tasha? Da kin tsaya a kan zagin ma ya fi, da ki ƙara da ƙarya.

Amatullahi

*

Kano, Disamba 2021

Barira,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kina lafiya.

Na san Yaya ta rubuto miki, don haka ba sai na maimaita ba. Ki fahimci halin da na shiga. Falo cike da mutane, mazan yayyena suna zaune, Hajiya tana kuka. Kina so in buɗe baki in ce e, haka take kirana, ni kuma ina amsawa? Da har in mutu ba ni da wani suna a dangi sai wannan. Yanzu ma yaran gidan in na wuce sai su riƙa toshe hanci suna gudu. Ke kika jawo mini. Na ce kada ki sa Faransanci, kika sa. A Jibiya abin yana da daɗin ji, na yarda, amma Kano ba Jibiya ba ce, kuma ya kamata mai karatun littattafai ta san haka.

Magana ta riga ta fita, ba zan koma in ce wa mahaifiyata na yi mata ƙarya ba. Ban da haka, na samu gurbin koyarwa a wata makaranta a nan, ba zan dawo Riko ba. Na duba ta kowace fuska, ban ga inda za ki zauna a rayuwata ta nan ba.

Saboda haka ni Zunnuraini Yahya na sake ki saki ɗaya. Kayan ɗaki naki ne. Ki ba mai gida makulli. Littattafaina na koyarwa ki ba Ummaru ya kawo mini, ki ɗaure su da kyau kada su yage.

A wasiƙarki ta wajen Yaya rubutunki ya gyaru ƙwarai, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Ki ci gaba da ƙoƙari.

Zunnuraini Yahya

*

Maradi, Disamba 2021

Assalamu alaikum.

Ina fatan kana lafiya, ina fatan ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Ita ba ta yi mini laifin komai ba, abin da aka karanta mata ta ji. Ni na iso gida lafiya.

Ranar da takardarka ta zo, ranar aka maido da sabis a Jibiya. Gari ya ɗauki sowa, kowa waya a kunne, mata suna guɗa a wajen famfo. Matar nan da ta ture mini bokiti har rungume ni ta yi don murna. Ni ma na kunna tawa na kira ka, tun ban buɗe ambulan ba, don in ce maka albishirinka. Ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba. Sai na buɗe.

Anti Ladi ta ce in kai ƙara, Malam Ummaru ya ce shi zai je har gaban Hajiya ya yi bayani, yara ma a Riko sun san kalmar. Na hana su. Ba bayani ne ya ɓace a gidanku ba, mai bayanin yana tsaye a falon.

Littattafanka na ɗaure su da igiya biyu, ba za su yage ba. Nawa na taho da su. Anti Ladi ta ce in ƙone su, su suka cika mini kai da iska. Ban ƙone ba. Ba su yi mini ƙarya ba, ba su taɓa cewa kai ne a ciki ba, ni na sa ka.

Da yake shingen a rufe yake, ta hanyar daji muka bi a kan babur, ni da akwatina. Na sa shuɗiyar atamfar, tunda ta gaji da jira. Babu wanda ya tambaye ni takarda. Da muka shigo garin Ɗan Isa wata mai tallan fura ta ce mini, "Sannu da tahiya, ɗiyata," sai hawaye suka zubo mini, don ba wanda ya gyara mata.

Inna tana tankaɗe na shiga. Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Barira, lahiya? Ina mushe?" Ta faɗe shi gajere, da girmamawa, yadda ta saba. Na ce, "Yana Kano, Inna, wajen da aka ja shi aka kai." Ta ajiye rariya, ta karɓi akwatin.

Ka ce rubutuna ya gyaru. Na gode, kai ka koya mini. Na kuma koyi karatu irin na gidanku. A bayan ambulan ɗin nan ban sa sunanka na yanka ba, har yau bakina bai iya kama shi ba. Na sa wanda na saba, harafi biyar, babu kuskure a ciki. Wannan karon in za ka karanta, ka ja shi.

Barira